Me Ya Hana Kanada Rabuwa Da Sarautar Ingila?

Daga Wakilinmu na Arewa

A ran 27 ga watan Mayu na shekarar 2025, Sarki Charles na Uku ya zauna a zauren Majalisar Dattijai ta Kanada a birnin Otawa, ya karanta jawabin buɗe sabuwar majalisar ƙasar da Ingilishi da kuma Faransanci. Wannan shi ne karo na uku kacal da mai sarautar da kansa ya yi wannan aiki. Mahaifiyarsa, Sarauniya Elizabeth, ita ce ta yi na farko a 1957, ta sake yi a 1977, watau an shekara 48 ba a ga irinsa ba. Ga shi kuwa Sarkin ya yi wannan doguwar tafiya ne alhali yana jinyar ciwon daji, ya kwana ɗaya tak ya juyo.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Kanada da Sarkin Ingila? Ƙasa ce mai mulkin kanta, mai arziki, mai mutane fiye da miliyan 40, wajen faɗi kuwa in ka ɗebe Rasha babu wadda ta kai ta. Amsa ita ce, bisa tsarin mulkinsu Charles shi ne Sarkin Kanada, kamar yadda yake Sarkin Birtaniya da waɗansu ƙasashe 13. Dattawanmu za su tuna mu ma mun taɓa zama a haka. Daga 1960 zuwa 1963 Elizabeth ce Sarauniyar Nijeriya, Dokta Azikiwe yana wakiltarta a matsayin Gwamna-Janar, har ran 1 ga Oktoba, 1963 da muka zama Jamhuriya. Mu shekara uku muka yi muka sauke wannan kaya. Kanada kuwa ta fi shekara 150 tana ɗauke da shi.

ASALIN AL'AMARIN

Sarakuna biyu ne suka fara jayayya a kan ƙasar. A 1497 wani matuƙin jirgin ruwa, John Cabot, ya sauka a gaɓarta da sunan Sarkin Ingila. A 1534 Jacques Cartier ya kafa alama da sunan Sarkin Faransa, kuma Faransawa ne suka gina birnin Kebek a 1608. Aka yi ta gwabzawa har sojan Ingila suka ci Kebek a 1759, sa'an nan a 1763 Faransa ta sallama yankin baki ɗaya.

Abin da ya dasa sarautar sosai a zukatan mutanen wurin shi ne tawayen Amurka. Da Amurkawa suka kori mulkin Ingila aka yi sulhu a 1783, sai dubban mutanen da suka ƙi yi wa Sarki tawaye suka tattara nasu ya nasu suka yi hijira zuwa arewa. Su ne kakannin da yawa daga cikin Turawan Ontariyo da na bakin teku. A yaƙin 1812 sojan Amurka suka kutsa don su ci ƙasar, aka mai da su baya. Tun daga nan riƙon Sarki ya zama wata alama da mutumin Kanada yake nuna wa duniya cewa shi dabam, Ba'amurke dabam. A riƙe wannan magana, domin za mu sake komawa kanta.

A ran 1 ga Yuli, 1867 larduna huɗu suka haɗu suka zama Tarayyar Kanada a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ita ce ta zaɓi Otawa ta zama hedkwata tun 1857. Daga nan aka riƙa kwance igiya sannu sannu ba tare da an tsinke ta ba. Dokar 1931 ta ba su ikon yin dokokinsu ba tare da sa bakin Landan ba. A 1949 aka daina kai ƙara kotun ƙoli ta Ingila. A 1952 aka naɗa haifaffen ƙasar na farko, Vincent Massey, Gwamna-Janar. A 1965 suka yi tutarsu mai ganye ja. Daga bisani, ran 17 ga Afrilu, 1982, Sarauniya Elizabeth ta zauna a Otawa tare da Firayim Minista Pierre Trudeau ta sa hannu a takardar da ta mai da tsarin mulkin ƙasar hannun 'yan ƙasa ɗungum.

INA AIKIN SARKIN?

A yau gwamnatin Birtaniya ba ta da ta cewa ko kaɗan a harkar Kanada. Sarki kuma ba ya zartar da komai sai abin da ministocin Kanada suka ba shi shawara. Yana naɗa Gwamna-Janar, amma Firayim Minista ne ke kawo sunan. Kowane lardi daga cikin goman yana da nasa wakilin Sarki. Doka ba ta zama doka sai wakilin nan ya sa hannu. Ana gurfanar da mai laifi a kotu da sunan Sarki, soja da alƙalai da shi suke rantsuwa, hotonsa yana kan kwabbai tun ƙarshen 2023, kuma mafi yawan filayen ƙasar a takarda na gadon sarauta ne, ko da yake gwamnatoci ne ke tafiyar da su. Kanada ba ta aika wa fadar Landan haraji. Abin da take kashewa shi ne na ofisoshin wakilan Sarki da hidimar ziyara.

To amma kada a ɗauka rawani ne kawai babu kai a ciki. Ranar da siyasa ta cije, wakilin Sarki ne ke raba gardama. A 1926 Firayim Minista Mackenzie King ya nemi a rushe majalisa, Gwamna-Janar Byng ya ƙi, aka yi babban rikici. A 2017 a lardin Biritish Kolumbiya, Firimiya Christy Clark ta sha kaye a majalisa ta nemi a sake zaɓe, wakiliyar Sarauniya ta ƙi, ta kira madugun hamayya John Horgan ya kafa gwamnati, kowa kuma ya bi. Tsofaffin mazauna Ibadan sun san nauyin irin wannan iko, don kuwa da shi ne Gwamnan Jihar Yamma, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya sauke Firimiya Akintola a 1962, shari'ar ta kai har Landan. Masu goyon bayan sarauta a Kanada suna cewa amfaninta ke nan: a sami wani a saman 'yan siyasa wanda ba ya neman ƙuri'a, wanda kuma kujerarsa ba ta shiga kasuwa.

MASU SO DA MASU ƘI

Inda aka fi ƙin sarautar shi ne lardin Kebek na masu jin Faransanci. A wurinsu kambin Ingila tunin ranar da aka ci kakanninsu da yaƙi ne. Da Sarauniya ta je birnin Kebek a 1964 sai da 'yan sanda suka sa kulki suka tarwatsa masu zanga-zanga. Gwamnatin lardin ba ta amince da tsarin mulkin 1982 ba. Sau biyu suka yi ƙuri'ar raba gardama a kan ɓallewa, a 1980 da 1995, kuma a ta biyun da ƙyar da jiɓin goshi masu son zama tare suka tsira, da tazarar da ba ta wuce kashi ɗaya da ɗan ɗoriya cikin 100 ba. A watan Disamba na 2022, bayan rasuwar Sarauniya, majalisar lardin ta ɗauke wa wakilanta wajibcin yi wa Sarki rantsuwa. Jam'iyyarsu ta 'yan a-ware a majalisar tarayya kuwa ƙaurace wa jawabin 2025 ta yi.

Sai kuma baƙi. Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin kashi 23 cikin 100 na mutanen ƙasar a waje aka haife su. Duk wanda zai karɓi takardar zama ɗan ƙasa, har da 'yan Nijeriya masu yawa da ke tururuwa can, sai ya yi rantsuwar biyayya ga Sarki. Mutumin da ya fito daga Indiya ko Jamaika ko nan ƙasar, wanda ya tashi da labarin mulkin mallaka, ba lalle ne zuciyarsa ta kwanta da wannan ba. Yawancin matasa kuma abin bai dame su ba, sun fi damuwa da tsadar haya.

Wani abin lura shi ne matsayin ƙabilun asali, watau waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Su aka fi zalunta, aka ƙwace musu filaye, aka raba 'ya'yansu da iyaye aka kai su makarantun kwana don a shafe harshensu. Duk da haka shugabanninsu da dama ba sa gaggawar a kawar da sarautar. Dalili kuwa shi ne shelar da Sarki Joji na Uku ya yi a 1763 ta amince cewa ba mai karɓar ƙasarsu sai ta hanyar yarjejeniya da Sarki, kuma manyan yarjejeniyoyi 11 da aka ƙulla tsakanin 1871 da 1921 da sunan gadon sarauta aka ƙulla su. Da waɗannan takardu suke zuwa kotu har yau. Tambayarsu ita ce, in an kawar da wanda ya ɗauki alkawari, wa za a kama? A 2021 aka naɗa mace daga cikinsu, Mary Simon, Gwamna-Janar, karo na farko a tarihi.

WUYAR TUƁE RAWANIN

Tsibirin Barbados ya zama Jamhuriya a 2021 da ƙuri'ar majalisarsa kawai. A Kanada abin ba haka yake ba. Tsarin mulkin 1982 ya ce ba a taɓa kujerar Sarki sai Majalisar Wakilai da ta Dattijai da majalisun larduna goma duk sun yarda. Lardi ɗaya ya noƙe, magana ta mutu. An gwada gyaran tsarin mulki sau biyu a kan waɗansu batutuwa, duka aka faɗi: na farko ya ruguje a 1990, na biyu jama'a suka yi watsi da shi a ƙuri'ar 1992. Kowane ɗan siyasa a can ya san ranar da aka buɗe wannan ƙofa, Kebek za ta kawo nata buƙatu, lardin Albata mai man fetur ya kawo nasa, ƙabilun asali su kawo nasu. Sa'an nan sai an amsa wata tambayar: wa zai maye gurbin Sarkin, kuma wa zai zaɓe shi? A kan wannan gaɓa ce masu son Jamhuriya a Ostireliya suka rabu biyu suka sha kaye a 1999. Don haka manyan jam'iyyu suka gwammace a bar kaza cikin gashinta.

RANAR DA AKA NEMI TSOHUWAR ZUMA

Abin da ya farfaɗo da maganar sarauta shi ne Shugaba Donald Trump. Tun ƙarshen 2024 ya riƙa cewa gara Kanada ta zama jiha ta 51 a Amurka, a 2025 kuma ya ɗora wa kayayyakinta harajin fito mai nauyi, alhali kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da take sayarwa waje Amurka yake zuwa. Mark Carney, wanda ya zama Firayim Minista a watan Maris na shekarar ya kuma ci zaɓe a Afrilu, shi ya gayyaci Sarki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sarkin bai ambaci sunan Trump ba, amma zamansa a kan wannan kujera ya isar da saƙon da aka fara aikawa tun 1783, cewa ƙasar nan tana da mai ita, tsarinta kuma ba irin na maƙwabta ba ne.

Sai dai a nan ne kuma raunin tsarin ya fito fili. A watan Fabrairu na shekarar 2025, Firayim Ministan Birtaniya Keir Starmer ya miƙa wa Trump takardar gayyata daga hannun Sarki Charles ɗin nan, aka kuma karɓe shi da babban biki a fadar Winsa a watan Satumba. Carney da bakinsa ya ce gayyatar ba ta yi wa mutanen Kanada daɗi ba. Watau mutum ɗaya, gwamnatin Landan tana aikensa ya lallashi Trump, gwamnatin Otawa tana kiransa ya tsaya mata a gaban Trump. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma kowa ya san a wane gida Sarkin yake kwana.

Idan aka auna duka, abin da ke riƙe da sarautar a Kanada abu uku ne: tsarin mulkin da ya ɗaure ta tamau, alkawuran da ke tsakaninta da ƙabilun asali, da kuma tsoron kada babbar maƙwabciya ta haɗiye su. Ƙauna irin wadda aka yi wa Elizabeth, wadda ta shekara 70 a gado ta kuma kai musu ziyarar aiki sau 22, da wuya wani ya sake samun irinta. Amma ba a bukatar ƙauna kafin abu ya dawwama, muddin kawar da shi ya fi barinsa tsada. A ganinmu, matuƙar larduna goman nan ba su zama baki ɗaya ba, matuƙar kuma Amurka tana zaune a ƙofar gida, to Kanada za ta ci gaba da gunaguni a kan rawanin nan, tana kuma gyara masa zama.