A Ƙasa Ake Dasa Zabuwa, Ba a Kwalba Ba



Wata sabuwar al'ada ta shigo gidajenmu. Mutum zai yanko ganyen zabuwa, wato alobera, ko reshen wani tsiro mai kaurin ganye, ya tsoma a kwalbar ruwa, ya ajiye bakin taga yana jiran saiwa. Ni dai a ganina wannan wahalar banza ce, ga kuma hatsari.

Mu da iyayenmu suka taso daga Maraɗi da Damagaram bai kamata a koya mana wannan ba. Da me ake shinge a can? Da aguwa. Manomi yana sare reshenta da rani, ya bar bakin saran ya bushe, ya soke a busasshen rairayi, ya yi tafiyarsa. Ko ludayi guda na ruwa ba ya ba ta. Kafin damina ta yi nisa ta kama. Dalili shi ne irin waɗannan tsirrai da guzurinsu suke tafe, ruwansu yana cikin jikinsu. Abin da suke tsoro shi ne ruɓa. In ka tsoma ɗanyen yanka a ruwa, ka buɗe wa ruɓa ƙofa ke nan. Ko da saiwar ta fito, za ka gan ta fara fat, mai saurin karyewa, ranar da ka mai da ita ƙasa sai tsiron ya sake sabon lale.

Dubi tinya da ƙerana a kan duwatsun ƙasar Bauchi, a tsagar dutse suke zaune, inda ruwa ba ya kwana.

Zabuwa ma ba a cika samunta daga ganye ba, yawanci narkewa yake yi. 'Ya'yan da ke fitowa a gindin uwar ake ɓallewa da 'yar saiwarsu. Moda ce kaɗai zan ɗaga wa ƙafa, ita kam tana yin saiwa a ruwa, amma a ƙasar ma tana yi, to ina ribar?

Abin da ya fi damuna shi ne sauro. Wanda ke yaɗa cutar shawara ba ya neman kwata, ruwa mai tsabta da ke zaune a kwalba ko gwangwani yake so, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwansa ya zama sauro. Ba mu manta da ɓarkewar shawara a ƙaramar hukumar Alkaleri a 2019 ba. Yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da yaran maƙwabta. Wa zai riƙa tuna sauya ruwan kwalba alhali tun safe yana Wunti ko Muda Lawal yana neman na abinci?

Ka bar yankan a inuwa kwana 3 zuwa mako guda har bakin ya ƙafe. Ka samu tukunyar ƙasa ka huda gindinta, ka cika ta da yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, da ɗan dakakken gawayi. Kada ka ba shi ruwa sai bayan mako. In watan Agusta ya kama, ka janye tukunyar ƙarƙashin rumfa, don ruwan Bauchi ba irin na Damagaram ba ne, marka ɗaya ta ishe shi.

In kuwa tinya ko ƙerana za ka yanka, ka sa leda a hannu, ka kori yara daga wurin. Farin ruwansu yana ƙona fata, in ya shiga ido kuma sai an dangana da asibiti.