Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar André Salifou ta Damagaram



Samarin Tanut da Balbeji, a ƙasar Damargu, suna bin hanyar Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Wasu kan dawo bayan an watsar da su a hamada kusa da Assamaka, ba barci, ba magana, sai taramadol. Iyaye su ce aljanu ne, a kai su wajen malam. Mai hali kuwa sai ya yi doguwar tafiya zuwa babban asibitin Damagaram.

Don haka muna roƙonku da ku ɗauki 'ya'yan Damargu, ku horar da su aikin jinyar damuwa da firgici, su yi gwajin aiki a asibitin Tanut. Ku fifita masu jin Hausa da Barbarci, Buzanci da Fulatanci. Yaron da ya ga mutuwa a sahara ba zai faɗi ciwonsa da Faransanci ba, balle ta bakin tafinta.

Naka,
Wani ɗan Damargu