BINNE BA ASARA BA NE: ABIN DA KIRISTA KE NUFI DA ISTA

Kowace shekara, in bazara ta kankama, Gwamnatin Tarayya takan ba da hutun kwana biyu, Jumma'a da Litinin, saboda bikin Ista. Ofisoshi su rufe, banki ya rufe, wasu shaguna a Gumel da Maigatari su wuni a kulle. Da yawanmu a Gagarawa da Sule Tankarkar mun san hutun, amma ba mu san dalilinsa ba. To, rashin sani ya fi dare duhu, a cikin duhun nan kuwa masu haɗa talakawa faɗa suke cin kasuwarsu. Don haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa jama'a abin da Kirista suka gaskata a kan mutuwa da tashi, yadda su da kansu suke faɗinsa.

Ga labarin a taƙaice. Wajen shekara ta 30 ko ta 33, ƙasar Yahudiya tana hannun Romawa 'yan mulkin mallaka. Gwamnanta shi ne Bilatus Babunti, wanda ya riƙe ƙasar daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Littattafan Bishara sun ce manyan firistoci na Urushalima suka kai masa ƙarar Yesu, mutumin Nazarat wanda ya tashi a gidan masassaƙi. Gwamna bai sami laifi a kansa ba, amma don tsoron tarzoma ya ba da shi aka gicciye. Gicciye kuwa hukunci ne na bayi da 'yan tawaye, mai galihu ba a cika yi masa ba. Ya mutu ran Jumma'a, aka sa shi a kabarin wani. Ran Lahadi da asuba, in ji Kirista, mata suka je suka tarar ba kowa a kabarin, daga baya almajiransa suka gan shi da rai. Dalilin da ya sa Kirista ke taruwa sujada ran Lahadi ke nan.

Musulmi ba su yarda da wannan ba. Bisa ga Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, Annabi Isa bai mutu a hannun maƙiyansa ba, Allah ne Ya ɗaukaka shi zuwa gare Shi. Bambancin nan babba ne, ba kuwa za mu shafa masa mai ba. Amma kafin mutum ya ce bai yarda da maganar maƙwabcinsa ba, ai ya kamata ya fara jin maganar tukuna.

Me mutuwar take nufi gare su? Kowane ɗan kasuwa ya san lamuni. Kirista suna ɗaukar zunubi kamar bashi ne wanda ya fi ƙarfin ɗan Adam, ko ya sayar da rumfa da gona ba zai iya biya ba. Sun ce Yesu ya tsaya a madadin mai bashi, ya biya da ransa. Tashinsa kuwa shi ne shaidar cewa an karɓi biyan, an yage takarda.

Ma'ana ta biyu manomi zai fi saurin gane ta. A ƙasar Gumel, inda yashi ya yi yawa, ruwa kuma yakan makara, mutane suna yin binne: su zuba irin gero a busasshiyar ƙasa tun ruwan fari bai sauka ba. Baƙo zai ce an zubar da hatsi. Manomi ya san ajiya ya yi. Manzo Bulus ya yi wa Kiristan Korinti irin wannan misali a wasiƙarsa ta fari, sura ta 15, wadda ya rubuta shekara ashirin da 'yan kai bayan gicciyen. Ya kwatanta gawa da iri da aka shuka, ya kwatanta Yesu da nunan fari, watau kamar tumun farko wanda ke nuna sauran gona tana tafe. Mai binne a Gagarawa ba shi da tabbacin damina. Kirista kuwa ya ce shi yana da tabbaci, gama ƙwaya ɗaya ta riga ta tsiro.

Ko lokacin bikin ma ya zo daidai da misalin. Tun bayan taron Nikiya na shekara ta 325 aka bi ƙa'idar yin Ista ran Lahadi ta fari bayan cikar wata, in an wuce 21 ga Maris. A lissafin da ake bi a Nijeriya yakan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sa'ad da ƙasa ta bushe, rumbu ya fara sauka, kowa yana duban gabas.

Wannan bangaskiya ba a baki kaɗai ta tsaya ba. A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa Arewa. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida. A ido asara ce. Amma daga aikin nan mishan ɗin SIM ta fito, daga cikinta kuma aka kafa ikkilisiyar ECWA a 1954, wadda yau Hausawa da yawa suke sujada a cikinta da harshensu. Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa ya fito gaba ɗayansa tun 1932. Ashe Kiristan da ke kusa da rumfarka ba lalle baƙo ba ne.

Jama'a, ga abin da ya shafe mu. Makami na ƙarshe a hannun azzalumi shi ne tsoron mutuwa. Mutumin da ya gaskata kabari ba shi ne ƙarshe ba, da wuya a saye shi ko a razana shi. A nan Kirista da Musulmi sun haɗu: dukansu sun yarda akwai tashin matattu, akwai ranar hisabi, inda sarki da talaka za su tsaya daidai, a tambayi mai mudu yadda ya auna, a tambayi mai hukunci yadda ya yanke.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa abu kaɗan. In Ista ta zo, a yi wa maƙwabci barka, yadda shi ma yake yi mana barka da Salla. In an yi masa rasuwa, a je gaisuwa. In an ji suna waƙa a bakin kabari, kada a ce ba su san zafin mutuwa ba. Sun sani, sai dai su a wurinsu shuka suka yi, suna jiran damina. Su kuma Kirista, su nuna tashin nan a ciniki da amana, gama a gona akan gane iri mai kyau.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.