Malamin Hausa da Haruffa Masu Lanƙwasa a Ajin Intanet

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya a watan Maris na 2020, malamai da dama suka shiga koyon koyarwa ta Zoom, Google Classroom da WhatsApp. Abin da aka fi nuna musu shi ne buɗe aji, tura darasi da karɓar jinga. Wannan bai wadatar da malamin Hausa ba.

Matsalarsa tana kan allon buga rubutu. Malamin da ya shekara goma yana bin ɗalibai da jan biro a kan ɓ, ɗ da ƙ, shi ne yau yake tura musu darasi babu lanƙwasa ko ɗaya, domin haruffan Ingilishi ya tarar a kwamfutarsa. Nan take "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta zama "kafa". Ɗalibi kuwa abin da ya gani a rubutun malaminsa shi yake ɗauka ƙa'ida.

Gyaran ba mai tsada ba ne, domin manhajar Gboard tana da haruffan Hausa a waya, kyauta. Ya kamata sassan Hausa su fara horar da malamansu da wannan, kafin a zo kan Zoom.