Gaisuwa a wurin aiki: darasi daga ƙasar Suwidin

A shekarar 1967 wani likita mai suna Bror Rexed ya zama shugaban hukumar lafiya ta ƙasar Suwidin, sai ya shaida wa ma'aikatansa cewa zai riƙa kiran kowa da "du", wato "kai" ko "ke", su ma su kira shi haka. Kafin lokacin, ɗan Suwidin ba ya yi wa babba magana sai ya ambaci muƙaminsa. Cikin 'yan shekaru sabuwar al'adar ta game ƙasar, har ta kai yau ƙaramin ma'aikaci yana kiran shugaban kamfani da sunansa tsura, kuma babu wanda zai ce ya yi rashin kunya.

Mu da muka taso da "ranka ya daɗe" da durƙusa wa manya, jin wannan kaɗai sai mu kama baki. Amma lamarin ya shafe mu. Kamfanonin Suwidin irin su Ericsson da Volvo da Scania suna kasuwanci a nahiyarmu, kuma 'ya'yan zango daga Nima da Kumasi da unguwar Birkitari ta Yawunde suna neman aiki a manyan kamfanonin duniya, wasu ma ta intanet daga ɗakunansu. Waɗannan kamfanoni sun cika bakinsu da zancen tafiya da kowa. Ra'ayinmu shi ne, wannan zance yana tabbata ne a ƙananan abubuwa na yau da kullum, kamar gaisuwa da zaman taro da shan shayi, kuma nauyinsa yana kan ɓangare biyu.

Mu fara da nauyin da ke kan kamfani. A shekarar 2016 wata Musulma ta je ganawar neman aikin tafinta a birnin Upsala. Da namijin da zai gana da ita ya miƙa hannu, sai ta ɗora nata a ƙirji ta yi murmushi. Nan take aka katse ganawar. Kamfanin ya kafa hujja da cewa dole ma'aikacinsa ya ɗauki mace da namiji daidai. A watan Agusta na 2018 kotun ƙwadago ta ƙasar ta yanke cewa an nuna mata bambanci, ta umarci a biya ta diyyar kurona 40,000. Kotun ta amince cewa kamfani yana da ikon neman daidaito a gaisuwa, amma ta ga ba lallai sai ta musafaha za a cimma shi ba. Alƙalan sun duba manufar gaisuwa, wato girmamawa, suka tarar hannu a ƙirji yana isar da ita. Duk shugaban da ke son tafiya da kowa, irin wannan tambaya ya kamata ya riƙa yi wa kansa kafin ya mayar da al'adarsa doka: mene ne muke nema da wannan ƙa'ida, kuma akwai wata hanyar samun sa?

Kada mu ɗauka Suwidin aljannar duniya ce. Dokarta ta hana wariya, wadda ta fara aiki a 2009, ta haramta bambanci saboda ƙabila da addini da jinsi da shekaru da naƙasa. Duk da haka rashin aiki ya fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin waɗanda aka haifa a waje. Masana biyu, Carlsson da Rooth, sun aika takardun neman aiki iri ɗaya da sunaye daban, suka wallafa a 2007 cewa mai sunan Gabas ta Tsakiya ba a kiransa ganawa kamar mai sunan gida. Wanda ya taɓa ganin an yamutsa fuska da jin sunansa ko unguwarsu ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Sai nauyin da ke kanmu. A ofisoshin Suwidin akwai al'adar "fika", ɗan hutu da ma'aikata ke zama tare su sha kofi da ɗan burodi mai zaƙi, shugaba da mabiyi a teburi ɗaya. A nan ake sabo, a nan ake jin labarin da ba ya shiga takarda. Ma'aikacin da ya kan zauna a kujerarsa don nuna ƙwazo yana rasa abin da ya fi aikin minti goma sha biyar daraja. Ko azumi mutum yake yi, ya je ya zauna a yi hira da shi, ya faɗa musu dalilin da ya sa ba ya sha. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Haka kuma zaman taro. Shugaba ɗan Suwidin yakan nemi ra'ayin kowa kafin yanke shawara, kuma da gaske yake nema. Mu kuwa tarbiyyarmu ta koya mana yin shiru gaban babba, da cewa "to" ko da zuciya ba ta kwanta ba. Shi zai ɗauki shirun a matsayin amincewa, ko rashin abin faɗa. Idan daga baya aiki ya tsaya saboda matsalar da muka hango muka ɓoye, kunyarmu za ta zama rashin gaskiya a idonsa. A irin wannan wuri, ladabi shi ne mutum ya faɗi abin da ya gani cikin taushin murya, a kan lokaci.

Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Karin maganar tana da gaskiya, amma tana da iyaka. Kiran shugaba da sunansa, zuwa taro kan minti, faɗin ra'ayi a fili, duk tsumma ne da za mu iya ɗaurawa ba tare da mun rasa komai ba. Salla da abin da addini ya hana kuwa, sai mu bayyana su tun farko, cikin natsuwa, mu kawo hanyar da aiki ba zai cutu ba. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro zuwa Salaga sun zauna da Dagomba da Gwanjawa da Asante, sun koyi harsunansu da gaisuwarsu, sun ci kasuwa, kuma ba su bar sallarsu ba. Wannan gadon ya ishe mu shiga kowane ofishi a duniya.