Wa Ya Tambaye Ta?

Idan aka zo maganar me ya sa matanmu ba sa yarda a sake gina musu mama bayan an cire shi saboda sankara, amsar da aka saba ji ita ce kunya, ko addini, ko kuma wai ba al'adarmu ba ce. Mu dai ba mu yarda ba. Ta yaya za a ce mace ta ƙi abin da ba a taɓa yi mata tayinsa ba? Da yawa har a sallame su daga asibiti ba wanda ya faɗa musu akwai wannan aiki, balle su san ana iya yin sa a ranar da aka cire maman, kafin su farfaɗo daga barcin tiyata.

Aikin ba sabon abu ba ne. Likita kan saka 'yar jakar silikon a gurbin, ko ya ɗebo tsoka da fata daga bayan matar, ko kitse da fata daga mararta, ya haɗa mama da su. Sabon maman ba ya kawo ruwan nono, kuma ba a jin taɓi a jikinsa kamar na asali. Wadda za a yi wa gashin sankara bayan tiyata sau da yawa gara ta jinkirta, domin gashin kan taurara wurin. Amma binciken likitoci bai nuna cewa aikin yana dawo da cutar ba. Duk wannan bayani haƙƙin mai jinya ne ta ji shi tun kafin a shiga da ita ɗakin tiyata.

A Amurka, tun 1998 doka ta wajabta wa inshorar lafiyar da ke biyan kuɗin cire mama ta biya na sake gina shi. Mu kuwa har gobe kallon kayan alatu muke yi masa, alhali mun san abin da ke jiran matar a gida. Wani bincike da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka wallafa a 2010 ya bi matan aure 81 da aka cire wa mama. Bayan shekara uku, sama da kashi ɗaya cikin uku aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu. Sauran mata suna gani. Shi ya sa wadda ta ji kullutu take ɓoyewa, ta bi masu jiƙe-jiƙe, sai ciwo ya fashe a kawo ta, lokacin da ceton rai ma ya zama da kyar.

Masu fakewa da addini su binciko labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. A 2007, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya, ta halatta tiyatar mayar da gaɓa yadda take, har ta ambaci maman da aka cire.

Za a ce injinan gashi ma ba su wadace mu ba, likitocin gyaran jiki kuma ƙalilan ne. Gaskiya ne. To amma nawa ake kashewa wajen zama da mace a yi mata bayani da harshen da take ji? Muna kira ga asibitocin koyarwa su wajabta wannan bayani kafin mace ta sa hannu a takardar tiyata, su kuma tura mai so inda ake yi. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauki aikin a matsayin cikon magani, ta biya.

Kada kuma a fahimce mu a baibai. Ba domin a riƙe miji za a yi wa mace wannan aiki ba. Namijin da ya saki matarsa tana jinya shi ke da abin kunya. Wadda ta ji bayani ta ce ba ta so, ta yi daidai, jikinta ne. Abin da ba mu lamunta ba shi ne a yanke mata hukunci a bayan idonta, sannan a rubuta cewa ita ce ta ƙi.