Wa Zai Yi Wa'azin Uriya?

Ranar Lahadin da ta wuce, a wata majami'a da ba za a ambaci sunanta ba, an tsai da wani dattijon ikilisiya a gaban jama'a. Shekara da shekaru shi ke riƙe da asusun tallafa wa gwauraye da marayu, har ranar da kwamitin bincike ya buɗe littafi ya tarar da rami. Dattijon ya karɓi makirufo, murya na rawa, ya ce ya yi kuskure, Shaiɗan ne ya rinjaye shi, a yafe masa. Bai faɗi ko nawa ne ba, bai faɗi haƙƙin su wane ne ba. Fasto ya hau mumbari ya buɗe Zabura ta 51, ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kan Dawuda da jinƙan Allah, sannan ya ce a tafa wa Ubangiji. Aka tafa. Matan da kuɗinsu ya salwanta suna zaune a layin 'yan zumunta, su ma suka tafa, don in ba su tafa ba gobe a ce masu riƙo ne. Har aka yi addu'ar tashi ba wanda ya ɗaga zancen biya.

Mai wannan shafi ya fito daga sujadar nan ransa a ɓace, kuma har yau bai huce ba. Abin da ke cin ransa shi ne yadda aka mai da Zabura ta 51 sabulun manya: duk babban da asirinsa ya tonu, a ɗauko ta a cuɗa shi a gaban jama'a, a ɗauraye, a mayar da shi kujerarsa kafin a watse.

Mai son ya gane wannan waƙa sai ya fara da ɗan rubutun da ke samanta, wanda ya jingina ta ga lokacin da annabi Natan ya je wurin Dawuda. Labarin yana cikin 2 Sama'ila, sura 11 da 12. Maƙwabta Musulmi ba su yarda a jingina wa Annabi Dawuda irin wannan aiki ba, kuma wannan shafi yana mutunta matsayinsu. Maganar yau da masu riƙe da Littafi Mai Tsarki ake yi, a kan abin da littafinsu ya rubuta.

Abin da ya rubuta kuwa ya wuce santsin dare ɗaya. Rundunar Isra'ila tana can ta yi wa birnin Rabba ƙawanya a ƙarƙashin Yowab, sarki yana zaune a Urushalima. Daga kan soro ya hango mace tana wanka, ya aika a binciko ko wace ce, aka gaya masa sunanta Batsheba, aka gaya masa sunan mahaifinta, aka gaya masa matar Uriya Bahitte ce. Da saninsa ke nan ya aika aka kawo ta. Da ta aiko masa tana da ciki, sai ya sa aka kira Uriya daga bakin daga, wai ya kawo labarin yaƙi, alhali so yake ya kwana a gidansa a ce cikin nasa ne. Uriya ya kwana a ƙofar fada tare da barorin sarki, ya ce ba zai je ya miƙe a gado ba 'yan'uwansa sojoji suna kwana a fili. Sarki ya shayar da shi har ya bugu, duk da haka bai taka gidansa ba. Sai Dawuda ya rubuta wa Yowab takarda cewa a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi, ya kuma damƙa wa Uriya takardar ya kai da hannunsa. Ba shi kaɗai ya faɗi a gindin ganuwar nan ba. Wasu sojojin ma sun mutu tare da shi, 'ya'yan wasu, mazan wasu, don a rufe asirin mutum ɗaya. Uriya kuma ba baƙo ba ne a fada, domin sunansa ne ya rufe jerin jaruman Dawuda a sura ta 23.

Sarki bai kai kansa ba. Ya yi shiru har aka gama makoki, ya ɗauko matar, har ta haihu. Sai da Natan ya shiga fada da labarin mai dukiyar da ya bar garkensa ya yanka wa baƙonsa 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci. Dawuda ya fusata, ya yanke hukunci da bakinsa cewa mutumin ya cancanci mutuwa, kuma sai ya biya tunkiyar riɓi huɗu. A nan ne Natan ya dube shi ido da ido ya shaida masa cewa shi ne mai dukiyar. Dawuda ya amsa laifinsa, Natan ya sanar da shi cewa Allah ya kawar da zunubin, ba zai mutu ba.

Daidai nan yawancin masu wa'azi ke rufe littafi su kira mawaƙa. Amma a zaman nan ɗaya, da bakin da ya faɗi gafara, Natan ya faɗa wa sarki cewa takobi ba zai rabu da gidansa ba. Jaririn ya mutu a rana ta bakwai. Amnon ɗan Dawuda ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, ɗan'uwansu Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya yi wa mahaifinsa tawaye, har Dawuda ya fita daga Urushalima ya hau Dutsen Zaitun ba takalmi, kansa a lulluɓe, yana kuka. Littafin ma bai yarda a manta da wanda aka zalunta ba. A 1 Sarakuna 15, inda ake yabon Dawuda, sai da aka cire maganar Uriya daga cikin yabon. Matiyu kuma, da yake jera kakannin Yesu a surarsa ta farko, da ya iso kan mahaifiyar Sulemanu, wato Batsheba, sai ya kira ta da sunan mijinta na fari, wanda aka kashe.

Za a ce ai aya ta 4 a Zabura ta 51 ta nuna wa Allah kaɗai Dawuda ya yi wa laifi, kuma gafara alheri ne, ba a sayen ta da kuɗi. Gaskiya ne, ba mai sayen ta. Sai dai waƙar nan ɗaya, a aya ta 14, tana roƙon a kuɓutar da mai ita daga alhakin jini, kuma jinin na mutum ne mai suna da mata da gida.

Shari'ar da Dawuda ya sani ba ta bar wannan a duhu ba. Littafin Firistoci sura 6 ya yi magana a kan wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi ƙarya: zai mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar, ya ba mai shi, sannan ya kawo ragon hadaya. Riɓi huɗun da Dawuda ya ambata daga Fitowa 22 ya fito. Shi ne kuma adadin da Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya ɗaukar wa kansa a Luka 19, bayan rabin dukiyarsa da ya ce zai ba matalauta, kuma sai bayan ya faɗi haka ne Yesu ya yi maganar ceto ya sauka a gidan. Ɗalibin da ya karanta Riyadus Salihin a makarantar zaure ma ya san cewa in laifi ya shafi haƙƙin ɗan'adam, sharuɗɗan tuba ba su cika sai an mayar da haƙƙin. Abin takaici ne a ce mai mumbari, da littafin a buɗe a gabansa, shi ne zai tsallake wannan.

Ikilisiyar farko ta san nauyin waƙar. Tana cikin zabura bakwai na tuba, tare da ta 6, 32, 38, 102, 130 da 143. A shekarar 430, da Bishop Agustin yake kwance rai a hannun Allah a Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, abokan gaba sun kewaye garin, ya sa aka rubuta masa zaburan tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana kuka, ya kuma roƙa kada a riƙa shigo masa. Shekara 40 kafin nan, a 390, sojojin sarkin Rum Tiyodosiyus sun karkashe mutane a Tasalonika don ramuwar kisan wani kwamanda, wani marubucin tarihin ikilisiya ya ce sun kai 7,000. Bishop Ambros na Milan ya rubuta wa sarkin wasiƙa, ya tuna masa da Dawuda da Natan, ya ce ba zai yi hidimar jibin Ubangiji ba muddin sarki yana wurin bai tuba ba. Mai mulkin daular Rum ya tuɓe kayan sarauta, ya yi tuba a bainar jama'a, sannan aka sake karɓarsa.

A gwada wannan da abin da ya faru a Baton Rouge ta Amurka ranar 21 ga Fabrairun 1988. Jimmy Swaggart, mai wa'azin talabijin da ake kallo a ƙasashe da dama a lokacin, ya tsaya gaban dubban mutane hawaye na zuba, ya nemi gafarar matarsa da ɗansa da ikilisiya da Allah, ya karanta Zabura ta 51, amma bai faɗi abin da ya aikata ba. Shugabannin ɗarikarsa ta Assemblies of God suka ce ya sauka daga mumbari shekara guda. Ya ƙi, suka tuɓe shi, wata uku bayan ranar hawayen nan ya koma wa'azi da ikon kansa. A 1991 'yan sanda suka tare shi a Kalifoniya da wata karuwa a mota, a wannan karon ya gaya wa jama'arsa cewa ba ruwansu. Irin wannan tuba ce, ta hawaye da makirufo ba tare da horo ba, talabijin ya yaɗa, ta kuma sami gindin zama a wurare da yawa.

Masu bibiyar wannan shafi sun san inda zancen zai je, kuma ba za a fasa faɗa ba. Yarinya 'yar shekara 17 ta yi ciki, ba a tsaya wa'azin Dawuda ba. A kira sunanta daga bagade, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a hana ta jibi, a zaunar da ita a bencin baya wata da watanni kowa na kallo. Wanda ya yi mata cikin, in ɗan mai ba da baiko mai kauri ne, sai dattawa su ce a bar kaza cikin gashinta. In fasto ne da kansa, sai a yi masa canjin wurin aiki a asirce, wanda ya buɗe baki kuma a jefe shi da ayar nan ta Zabura 105 a kan taɓa shafaffe. Dawuda ma shafaffe ne, Sama'ila ne ya zuba masa mai, kuma hakan bai hana Natan shiga fada ba. Wannan bambanci da ake nunawa zalunci ne, sunansa ke nan. Ikilisiyar da ke da horo ga marasa gata da jinƙai ga masu hali ba ta da bakin yi wa ɗan siyasa wa'azi a kan satar dukiyar jama'a.

Kada a ce tuba tare da mayar da haƙƙi ba ta yiwuwa a wannan zamani. Farkawar da ta tashi a Gahini ta Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu zuwa Yuganda da Kenya da Tanganika, an san ta da mutanen da ke miƙewa su faɗi laifinsu da sunansa, su kuma ɗauko kayan da suka sata su mayar wa masu shi. A Najeriya ma, duk abin da mutum zai ce game da tsaurin cocin Deeper Life na Fasto Kumuyi, mayar da haƙƙi yana cikin koyarwarsu a rubuce, kuma sun daɗe suna nanata shi.

Gyaran daga makarantun tauhidi zai fara, na Bukuru da Kagoro da Jos da sauransu, domin daga can masu hawa mumbari ke fitowa. Duk ɗalibi ya iya wa'azin Dawuda mai tuba tun yana aji ɗaya. Kada a miƙa masa takardar kammalawa sai ya tsaya ya yi wa'azi guda a kan 2 Sama'ila 11 daga ɓangaren Uriya da Batsheba da sojojin da suka mutu a Rabba, a gaban jama'ar da dattawa da manyan masu baiko ke zaune a layin gaba.